Tallan bel ɗin mota: yaran za mu yi wa magana ko iyayensu?

Anti Mai Talla: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, kuma don Allah a ba ni ta gaskiya, ba "Allah ya taimaka" kawai ba. Ƙungiyar iyaye da malamai ta makarantar su 'yata ta ɗora mini rubuta talla na daƙiƙa 45, za a sa a rediyo kafin hutun ƙarshen shekara, a kuma yanka shi don TikTok da WhatsApp. Abin da ake so, yara 'yan shekara 15 zuwa 19 su riƙa ɗaura bel a mota. Shekarata 11 ina tallan sabulu da maganin sauro da makarantun kuɗi, ban taɓa kwana uku ina kallon farar takarda ba sai wannan karon. Na rubuta wani mai ƙarar birki da kukan uwa, na karanta wa 'yata, ta dube ni ta ce, "Mama, wannan ai irin na gwamnati ne." Na san dai ba yabo ba ne.

Alhaji Na-Gangare: Wa alaikumus salam. Hajiya, yaron da ba shi da mota me zai ɗaura? 'Ya'yanmu a nan Jos keke Napep suke hawa daga gida zuwa Terminus, daga can su sake hawa wani keken. Keke kuwa ko ƙofa ba shi da ita, balle bel. Wannan tallan na 'ya'yan Rayfield ne, unguwar masu kuɗi, a kai musu can.

Anti Mai Talla: Alhaji, da gaskiyarka ta wani ɓangaren. Amma ranar ɗaukar amarya a Gangare, su wa ke cika motocin rakiya? 'Yan Rayfield?

Kawu Direba: Yawwa Hajiya, kin taɓo wurin. Ni shekarata 24 ina ɗaukar fasinja daga Jos zuwa Abuja, kuma abin da ya fi tayar mini da hankali ba Hawan Kibo ba ne. Hawan Kibo kowa na tsoronsa, ko wanda bai iya addu'a ba in aka fara gangarowa za ka ji yana salati. Abin da ke ba ni tsoro shi ne yammacin Asabar a titin Bauchi ko hanyar Zariya, in ka ga ayarin biki. Yaro ya ari motar yayansa, ko lasisi bai isa yi ba tunda sai ya kai 18, ya loda abokai shida, biyu sun fito da rabin jikinsu ta taga suna ɗaukar bidiyo. Wannan yaron ba shi da mota kamar yadda Alhaji ya faɗa, amma ranar nan shi ne direba. Haka ranar Sallah, haka ranar da suka gama jarrabawar fita sakandare.

Maman Hanifa: Kawu ya faɗi abin da ke raina. Ni nas ce, kuma a asibitin da nake aiki in aka raba mana aikin dare a makon Sallah, kowa ya san abin da ke jiransa.

Autan Zaure: Iyayena, a yi mini afuwa in sa baki, tunda mu ake magana a kanmu. Shekarata 19. Anti, tallanki na kukan uwa ba zai yi aiki ba, kuma ba don ba ma son iyayenmu ba. Duk mun san bel na ceton rai, tun firamare ake gaya mana. Matsalar daban ce. In ka shiga motar abokinka ka jawo bel, zai juyo ya ce, "Kai, ka raina hannuna ke nan?" Kamar ka ce masa bai iya tuƙi ba. In kuma a baya kake zaune ka ɗaura, wallahi har a sauka ana maka dariya, wai jirgin sama ka hau. Akwai abokinmu da ya yi haka sau ɗaya, har yau Kyaftin ake kiransa. To mutum ya zaɓa: haɗarin da wataƙila ba zai faru ba, ko sunan da tabbas zai bi ka har jami'a.

Anti Mai Talla: Auta, Allah ya yi maka albarka. Kwana uku ina neman wannan maganar. Ci gaba.

Autan Zaure: Amin Anti. Sauran kuma ina jin nauyin faɗa. Babana, Allah ya ƙara masa lafiya, ba ya ɗaurawa sai ya hango 'yan rod-sefti. Sai ya jawo shi ya rataya a kafaɗa, ya danne da cinya, da mun wuce ya sake. Tun ina ƙarami abin da na gani ke nan. Ni a wurina bel abin da ake nuna wa ma'aikata ne, kamar takardun mota.

Alhaji Na-Gangare: Wannan yaron, Allah ya sa babanka ba ya cikin zauren nan.

Kawu Direba: Ba babansa kaɗai ba ne Alhaji, har da ni a da, kuma in za a rantse har da kai. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Alhaji Na-Gangare: Ni ban musa ba. Amma ina da hujja. Na farko, ka wanke farar shadda, ka kai wa mai guga, ka shiga motar haya, a ce ka ɗaura abin da tun da aka sauke motar daga Kwatano ba a taɓa wanke shi ba. Ka isa wurin ɗaurin aure da baƙin layi daga kafaɗa zuwa ƙugu kamar sarauniyar kyau. Na biyu, ni na san mutumin da motarsu ta ƙwace a gangaren Riyom, ya faɗo waje ta gilashi ya rayu, wanda ya ɗaure kansa kuwa a ciki ya cika. In kwana ya ƙare ko sarƙa ka ɗaura sai ka tafi.

Maman Hanifa: Alhaji, da girmanka, amma bari in amsa na biyun. Labarin wanda mota ta jefo waje ya rayu kowa na da irinsa, domin shi wanda ya rayu yana nan yana ba da labari a majalisa. Waɗanda ta jefo suka bugi kwalta da ka, ko motar ta birkice a kansu, ba su zuwa majalisa. Wurinmu ake kawo su. Na sha wanke fuskar yaro ina cire ɓarɓashin gilashi ɗaya bayan ɗaya, uwarsa na bakin ƙofa tana tambaya ko zai sake gani. Shi kuwa wanda ya ɗaura, yawanci abin da muke gani jan shati ne a ƙirji, wani lokaci ƙashin wuya ya tsage. Wannan ɗinki ne da magani, a sallame shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bel na rage haɗarin mutuwar wanda ke cikin mota har da kusan rabi, kuma ta ce haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29 a duniya. Ba zazzaɓi ba, ba yaƙi ba. Mutum kusan miliyan 1.19 duk shekara.

Alaramma: Game da kwana ya ƙare, gaskiya ne babu mai wuce ajalinsa. Amma wani sahabi ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ya yi tawakkali, ko ya sake ta ya yi tawakkali. Aka ce masa ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Tirmizi ya ruwaito. Kuma a Suratul Baƙara, aya ta 195, an hana mu jefa kanmu cikin halaka da hannunmu. Alhaji da kansa ai yana kulle shagonsa da kwaɗo biyu duk dare, bai taɓa cewa in an ƙaddara sata za a yi ba.

Alhaji Na-Gangare: Uku ne Malam. Kwaɗo uku.

Malamin Fiziks: Bari in ƙara da ɗan lissafi, ko Anti za ta samu abin ɗauka. Mutane na cewa "ai nan da nan ne, cikin gari ne, ba gudu nake ba." Mota mai tafiyar kilomita 50 a awa, wanda ko daga shataletalen Polo zuwa Farin Gada ana wuce haka, in ta daki abu ta tsaya cak, jikinka bai san ta tsaya ba. Zai ci gaba da tafiya da wannan gudun har sai wani abu ya tare shi. Bugun daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10, wato ka hau rufin bene mai hawa uku ka diro. In gudun ya ninka ya zama 100, tsayin ba ninki biyu zai yi ba, ninki huɗu ne, kusan mita 40. Duk shekara nakan tambayi 'yan ajina wa zai yarda ya diro daga saman ginin makaranta ya tare ƙasa da hannu. Babu. Amma dukansu sun yarda za su iya dafe kujerar gaba in an yi karo.

Maman Zara Atamfa: Salam 'yan uwa, sabbin atamfofi da leshi sun iso, akwai sari akwai ɗai-ɗai, ana kaiwa har gida a cikin Jos da Bukuru.

Shugaban Zaure: Maman Zara, ranar talla Juma'a ce. Yau tallan Anti kaɗai aka yarda da shi.

Maman Zara Atamfa: A yi haƙuri ranka ya daɗe, ban duba sama ba. Amma tunda na shigo, ni ma ina da tambaya. Mu da muke zama a baya da yara, har mu ma sai mun ɗaura? Na ɗauka na gaba ne kawai.

Baban Amir (daga Ingila): Maman Zara, tambayarki ita ce ta ba Turawan nan wahala shekara da shekaru. A nan an wajabta bel ga na gaba a 1983, manya na baya kuwa sai 1991, kuma ko bayan dokar mutane ba su ɗauki na baya da muhimmanci ba. Sai a 1998 aka yi wani talla da har yau waɗanda suka gan shi suna yara ba su manta ba. Uwa ce ke tuƙi, ɗanta saurayi na zaune a bayanta bai ɗaura ba. Hankalinta na kan wata mota da take gani kamar tana bin ta, sai ta daki wata da ke ajiye a gefen titi. Ita ta ɗaura bel, da ba abin da zai same ta. Amma ɗan ya taho da dukan nauyinsa ya haɗa ta da sitiyari. Ya koma ya zauna a kujerarsa da rai, uwar ta mutu. Abin da ya sa tallan ya ci, bai ce wa yaron "za ka mutu" ba. Saurayi ba ya yarda zai mutu. Ce masa aka yi "kai za ka kashe na gabanka."

Malamin Fiziks: Kuma ba ƙari aka yi ba. A irin wannan gudun na cikin gari, na baya kan bugi na gaba da ƙarfin da ya kai ninki 30 na nauyinsa ko fiye. Yaro mai kilo 60 ya zama kilo 1,800. Buhun siminti 36 ke nan a bayan wuyanka.

Maman Zara Atamfa: Innalillahi. Ni da nake rungume Zara a cinya a kujerar gaba.

Maman Hanifa: Ki daina daga yau 'yar uwa. Hannunki ba zai riƙe ta ba, komai son da kike mata.

Baban Amir (daga Ingila): Akwai kuma wani na 2010 daga yankin Sussex wanda ya bi akasin wannan hanyar. Babu mota, babu jini. Magidanci ne zaune a kujera a falonsa yana kwaikwayon tuƙi, matarsa da 'yarsa na kallo suna dariya. Sai fuskarsa ta canza, alamar karo ya taho. 'Yar ta ruga ta rungume ƙugunsa, matar ta saƙalo hannu ta kafaɗarsa zuwa ƙirji, hannayensu suka zama bel. Miliyoyin mutane sun kalle shi a intanet. Na kawo biyun ne don Anti ta ga ba dole sai da kuka ba.

Kawu Direba: Duk na ji, amma ni zan faɗi abin da ba a so. Talla bai taɓa sa direba ko ɗaya ɗaura bel a tasharmu ba. Hukumar kiyaye haɗurra tun 1988 take, zamanin Babangida, Wole Soyinka ne shugabanta na farko. Duk watannin ƙarshen shekara suna zuwa tasha da lasifika da takardu, muna tafa musu, a watse. Yaushe muka fara ɗaurawa? Janairun 2003, da aka ce za a fara kamu. Ina nan, da idona na ga direbobi na zaro bel daga ƙarƙashin kujera suna kakkaɓe ƙura. Tarar da aka fara yanka ta yi abin da wa'azin shekara 15 bai yi ba. Bahaushe dai jiki magayi.

Baban Amir (daga Ingila): Kawu bai yi kuskure ba. Amurka ma haka suka gano. Sun yi shekaru suna tallan wasu mutum-mutumi biyu na gwajin karo masu ban dariya, tun tsakiyar shekarun 1980, yara na son su. Amma wanda ya fi tasiri shi ne wanda jihar North Carolina ta fara a 1993, saƙonsa a taƙaice: ka ɗaura ko a yanka maka tara. Kuma ana sa tallan ne daidai lokacin da 'yan sanda suka cika titi suna dubawa. Talla da kamu tare suke tafiya.

Autan Zaure: Amma Kawu, kamun ne ya haifi ratayawa a kafaɗa. Kun koyi ɗaurawa don ma'aikaci, ba don karo ba. Kuma ma'aikata ba sa nan ƙarfe tara na dare a layin gidan biki.

Kawu Direba: Yaron nan sai an yi masa aure zai bar mu mu huta. To ai gaskiya ka faɗa.

Bakanike na Farin Gada: Ku dakata, duk kuna magana kamar bel ɗin na nan yana jira. Ku zo garejinmu ku gani. Motar haya da aka sa fasinja biyu a gaba, wanne zai ɗaura? Na baya kuwa, mai ɗinkin kujera in zai sa sabuwar riga sai ya tura makullan ƙasa ya ɗinke a kai, wani ma ya yanke da reza wai suna damun fasinja. Sannan ga sabon yayi: ana sayar da ɗan ƙarfen da za ka cusa a makullin don motar ta daina ƙara. Wasu kuma su zagaya da bel ɗin ta bayan kujera su kulle, su zauna a kansa. Wannan ya fi komai haɗari a motar da ke da iyabag, wato jakar iskar da ke fitowa in an yi karo, domin ita jakar an yi ta ne ta tari wanda bel ya riga ya riƙe. In babu bel, kana tahowa tana fitowa, ku haɗu a tsakiya. Wani abin kuma, motocin da suka yi haɗari a waje aka kawo aka gyara, da yawa bel ɗinsu ya riga ya ƙame tun wancan karon, ba a canza ba, an dai yi fenti. Wanda ya ƙirƙiro irin wannan bel ɗin mai bi ta kafaɗa da ƙugu, injiniyan Volvo ne, Nils Bohlin, a 1959, kuma kamfanin ya bar kowa ya kwaikwaya kyauta don a tsira. Mu kuma muna sa reza.

Alhaji Na-Gangare: To ka ga, ashe ba ni kaɗai ne mai laifi ba. Maganar shaddata fa, ba wanda ya amsa.

Bakanike na Farin Gada: Omo da ruwan ɗumi da tsohon buroshi, Alhaji. A jawo shi duka, a wanke, a bar shi ya bushe kafin a sake. Kawo motar gobe in sa yara su yi maka.

Anti Mai Talla: Jama'a na gode. Ga abin da na sake rubutawa, ku duba. Ƙarar mota da kiɗan biki. Wani ya ce, "Kai Kyaftin, jirgi ka hau ne?" Dariya. Sai yaron ya ce, "Ba don ni ba ne, don kai ne. Kana gabana, in aka taka birki a kanka zan sauka." Sai ƙarar makulli, ƙwas. Sai murya ta ce, "Ɗaure raƙumarka, sannan ka yi tawakkali."

Alaramma: Hajiya, a kiyaye haɗa lafazin hadisi da kiɗan biki a wuri guda. A yanke kiɗan kafin a kawo shi, ko a bar shi ga masu huɗuba, mu za mu yi namu ranar Juma'a. Kuma makarantar akwai 'ya'yan maƙwabtanmu Kirista, a samo abin da kowa zai ji nasa ne.

Anti Mai Talla: Na karɓa Malam, na cire.

Autan Zaure: Anti, saura ƙiris. Matsalar, wanda ya ɗaura ɗin shi ne ke kare kansa, kuma a cikinmu wanda ke dogon bayani shi ne ya sha kaye. Ko gaskiya ya faɗa za a ce ya cika surutu. Ki juya shi. Mai motar ne zai yi magana, domin shi ne oga a wurin, ba wanda ke yi wa mai mota dariya tunda zai iya sauke ka. Ya kunna mota, ya ƙi tashi. A ce masa, "Muje mana." Ya ce, "Motata ba ta tashi sai na ji ƙwas huɗu." Shi ke nan. Sai a ji ɗaya, biyu, uku, a yi shiru, kowa na jiran na huɗun. Wani ya ce, "Kai muke jira fa." Sai na huɗun ya zo. Kin ga yanzu wanda bai ɗaura ba shi ne abin dariya.

Baban Amir (daga Ingila): Wannan yaron a ba shi aikin kawai.

Maman Hanifa: Ya yi, amma a sa muryar mace a cikin huɗun. 'Yan matan amarya su ake cusawa biyar a baya da gwaggwaro da mayafi, kuma su ne ba sa iya cewa direba ya rage gudu don kada a ce sun cika tsoro.

Kawu Direba: Ni dai har yanzu ina kan bakana, in babu kamu a titi ranar, ƙwas ɗin a rediyo zai tsaya. Hajiya, ku rubuta wa ofishin hukumar na jiha takarda, ku gaya musu makon da za ku sa tallan. Kuma a ƙarshe ki faɗi lambarsu ta gaggawa, 122, yara da yawa ba su san ta ba.

Anti Mai Talla: Zan kai wa kwamiti duka biyun. Auta, ka samo mini abokanka uku da ƙanwa ɗaya masu murya, Asabar ƙarfe goma, zan turo maka kwatancen situdiyon ta akwatinka. Na kuma yanke shawarar roƙon kwamiti su ƙara kuɗin talla na biyu, na iyaye maza, wanda za a sa bayan labaran safe. Alhaji, kai nake so ka yi muryar uban.

Alhaji Na-Gangare: Ni? Me zan ce?

Anti Mai Talla: Abin da ka faɗa ɗazu, na shadda, kalma da kalma. Sai ɗanka ya amsa maka.

Alhaji Na-Gangare: Zan yi shawara. Yanzu dai na fita na ɗaga kujerar bayan motata don in ƙaryata Bakanike. Na samu makulli biyu, da naira 200, da cokalin da Hajiya ta yi wata uku tana zargin 'yar aiki a kansa. Na ukun ban gan shi ba. Bakanike, ƙarfe nawa kake buɗewa?

Bakanike na Farin Gada: Takwas Alhaji. Ka taho da Omon.